Kaftanin da Umma Ta Aike Ni In Kai wa Yaya Mukhtar

Ku yi haƙuri da ni, ƙawayena. Tun da na dawo babu wadda ba ta tambaye ni yaya Malesiya ba, wata a wurin zaman makoki, wata a waya, kuma duk amsa ɗaya na ba ku: lafiya lau, sai yawan ruwan sama. Wallahi ba wulaƙanci ba ne. Da na buɗe baki zan fara sai in kasa. Shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, wadda ta karanta ta ba 'yar'uwarta, in huta da tambaya. Abin da za ku ji game da yayana kuwa, kada wata ta ce na tona wa mamaci asiri. Shi da bakinsa ya ce in faɗa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Mukhtar shi ne ɗan farin Ummanmu, ni ce auta. Ina shiga sakandare gwamnati ta tura shi Kuala Lumpur ƙaro karatu. Ya gama digiri na biyu ya zarce na uku, ya zo ya ɗauki matarsa Anti Rahama suka koma, can suka haifi 'yarsu Iman. Ya bar Kano siriri dogo, har abokansa na kiran sa Tsinke. Sai hotuna suka fara zuwa, kowane ya fi na baya cika. Maƙwabta su karɓi waya suna tafa hannu, "Kai, Malesiya ta karɓi Mukhtar! Rahama ta iya riƙon miji." Kun dai san mu, tumbi a wurinmu ba ciwo ba ne, shaidar hutu ce.

Umma kuwa mutuniyar da ce, tana yi masa alkunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai "yayanku" ko "na Malesiya". In ya kira, daga gaisuwa sai ta miƙo mini wayar. Amma na sha kama ta ta karɓi wayata wai za ta duba lokaci, alhali hotonsa take kallo.

Wata rana Anti Rahama ta kira tana kuka. Ta ce likita ta ce kitse ya lulluɓe masa hanta, dole ya rage ƙiba, in ba haka ba abin zai kai inda ba a so. Ta ce ta daina soya komai, ta rage shinkafa, ta hana shi lemo, amma cikin ko gezau. Umma ta saurara har ƙarshe, ta ajiye wayar ta ce, "Yaran yanzu ba su san abincin mara lafiya ba." Ita gwiwa ba za ta bar ta hawa jirgi ba, ni kuma na gama makaranta ina zaune. Haka tafiyar ta faɗo kaina.

Ta cika mini jaka da kuka, garin zogale, tsamiya, acca da daddawa. Sannan ta sayi shadda ruwan bula ta aika wa tsohon telan Yaya, ta ce ya ɗinka kaftani da awonsa na da, na lokacin da yake Tsinke. Ranar tafiya ta ɗora shi a saman kayana ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ki ce wa yayanki, ranar da ya shige shi ya ɗau hoto in gani." Saƙon ke nan gaba ɗaya.

Ban taɓa hawa jirgi ba. Allah ya haɗa ni kujera da wata 'yar kasuwa, Hajiya Talatu, mai zuwa saro gyale da dogayen riguna. Ita ta ɗaura mini bel, ita na ƙanƙame da jirgi ya ɗaga har na bar mata shatin farce a hannu. A Addis Ababa muka sauya jirgi. Can na shiga banɗaki yin alwala na rasa kan famfo, na murɗa nan na danna can, sai da wata mata ta tara hannunta a ƙasa ruwa ya zubo da kansa. Na ja da baya da bisimilla, ita kuma ta yi ta dariya.

Da muka kusa sauka aka yi sanarwa da Turanci cewa a ƙasar nan duk wanda aka kama da kayan maye hukuncinsa mai tsanani ne, har yakan kai ga kisa. Nan take na tuna ƙullin garin da ke jakata, kore shar a farar leda, ba suna ba takarda. Zufa ta karyo mini.

Hajiya Talatu ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, me kika ɗauko kike jiƙewa haka?"

Na ce, "Kuka ce, Hajiya, da zogale."

Ta ce, "To in suka rataye ki ni zan kai wa uwarki labari, in ce kin yi shahada a tafarkin miya."

Aka kuwa buɗe jakar. Wata jami'a mai ɗan hijabi ta ɗaga ƙullin kuka ta tambaye ni mene ne, duk Turancin da na koya ya gudu, kalmar miya kawai na iya tunawa. Sai ta kwance ledar daddawa. Ta kai hanci, ta runtse ido, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta sansana, suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Ta ce su ma suna da irinta, da ƙananan halittun ruwa suke yi, kuma tasu ta fi wari. Ta ɗaure mini kayana da hannunta ta ce in wuce. Wannan ita ce dariyar ƙarshe da na yi da zuciya ɗaya a ƙasar.

A waje na hango Anti Rahama riƙe da Iman, kusa da su wani mutum. Sai da ya ce, "Auta! Umma ta turo mana 'yar sanda ke nan?" na gane muryar. Fuskarsa ta zabge, ƙashin wuya ya fito, hannuwa sun koma na Tsinke, amma cikin yana nan gaba kamar na mai shirin haihuwa. Farin idonsa ya yi ɗorawa, na ce a raina ko hasken fitilun wurin ne.

Anti Rahama ta ja ni gefe da murna ta ce, "Kin gani ko? Tun da na yi waya da Umma na ƙara matsa masa, ga shi ya fara aiki. Ai rama daga sama take farowa ta gangaro. Fuska ta yi, hannu ya yi, saura cikin."

Na ce, "Alhamdu lillahi." Na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Gidansu a Pantai Dalam yake, kusa da jami'a, a wani dogon bene da sai an shiga lif. Kowace ƙofa takalma ne zube a waje, ba wanda ke ɗauka. Rana ta gasa ku, da la'asar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, zafi ya dawo, wanki kuma ya ƙi bushewa. Iman in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci ta liƙa "lah" a ƙarshe. Ƙofarmu na kallon ta wata tsohuwa 'yar ƙasar da kowa ke kira Makcik, wato kamar a ce Inna. Kullum ta gan ni sai ta ce, "Dah makan?" Anti Rahama ta ce nufinta kin ci abinci, kuma gaisuwa ce kawai. Mu muna tambayar gajiya da kwana, su ciki suke tambaya. Ranar farko ta kawo mini shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa, da gyaɗa da ƙananan kifi da yaji mai zaƙi, wai karin kumallo. Shinkafa da sassafe! Komai nasu da sukari, har miya. Na ce wa Anti Rahama, "Ai ga abin da ya kumbura Yaya nan." Muka yi murna mun gano ɓarawo.

Muka duƙufa. Muka hau jirgin ƙasan nan mai tafiya a kan siraɗi ɗaya zuwa kasuwar Chow Kit, inda kifi ke tsalle a tire, ƙasa jiƙe, ga warin wani ɗan itace mai ƙaya da ya sa na toshe hanci da mayafi masu sayarwa suna yi mini dariya. Muka sayo ganye da kifi da kaza. Tuwon acca, miyar kuka ba mai, kwaɗon zogale, ruwan tsamiya ba sukari. In miya ta tafaso Anti Rahama ta tsaya a kanta da cokali tana tsame ɗan man da ya taso. Yaya ya ci kaɗan ya ce ya ƙoshi, mu kalli juna muna jin daɗi. Da la'asar in ruwa ya ɗauke ya sa takalmin gudu, ya ɗauki gorar ruwansa ya fita zagaya wani tafki, kamar yadda likita ta ce.

Ranar da na ba shi kaftanin, ya shafa shaddar ya ce, "Me ta ce?" Na maimaita masa. Ya zura, ya wuce kafaɗa lafiya, da ya zo ciki ya cije. Iman ta kama dariya, shi ma ya yi, ya ce, "Ki ce wa Umma telanta ya ci yadi." Ya shige ɗaki da rigar, ya daɗe bai fito ba.

Ranar komawa asibiti, wani dattijo malamin jami'a ɗan Katsina, Dakta Shehu, wanda duk 'yan Arewan wurin suka ɗauka uba, ya kai mu a motarsa. Likitar Ba'indiya ce. Da ta ga mun shigo ɗuu mu duka, ta ce tana so ta gana da mara lafiya shi kaɗai. Mu kuwa kun san al'adarmu, a bar mutum ya shiga wurin likita shi kaɗai ai rashin gata ne. Dakta Shehu ya ce mata mu iyali ɗaya ne, ba abin ɓoyewa. Ta danna cikin Yaya, ta buɗe idonsa, ta yi tambayoyi. Sai ta ce, "Kana shan giya?"

Anti Rahama ta yi zumbur ta ce, "A'uzu billahi!"

Dakta Shehu ya yi dariya ya ce, "Likita, wannan da kike gani in liman bai zo ba shi ke jan mu salla."

Likitar ba ta kalle su ba, Yaya take kallo. Shi kuma yana kallon takalminsa. Ta ce a ɗebi jini, a sake hoton ciki, kuma in zai dawo ya zo shi kaɗai. A mota aka yi ta mitar rashin ta-idon mutanen nan.

Ba a daɗe ba wata la'asar na ce zan raka shi tafki, zaman gida ya ishe ni. Ya so ya hana, na nace. Ba mu yi nisa ba ya zauna a benci yana haki, ya ce in ci gaba. Na zagaya na dawo maƙogwaro a bushe, shi ya juya yana amsa waya, gorarsa na gefe. Na ɗauka na kafa kai.

Ƙawayena, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar na haɗiyi garwashi. Ya ƙone ni tun daga harshe har ƙirji, hancina ya cika da warin abin da ake goge hannu da shi kafin allura. Na furzar, na kama tari, hawaye na zuba. Na ɗauka guba wani ya zuba masa. Na ce, "Yaya, kada ka sha, an sa maka wani abu a ruwa!"

Ya kashe wayar. Ya karɓi gorar ya rufe a hankali ya ce, "Ba wanda ya sa, Auta. Ni na zuba."

Na zauna a ƙasa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne na haɗiye, ko sallata za ta karɓu. Ya ce, "Ke ba ki da laifi, ba ki sani ba." Sai ya sa fuska a tafin hannu. Ban taɓa ganin babban namiji na kuka ba sai ranar, ga mutane na wuce mu da gudu, wata ma ta yi mana murmushi.

Ya ce abin ya faro ne shekarun baya, lokacin da malaminsa ke ta dawo masa da aikin bincikensa, barci ya ƙaurace masa. Wani abokin karatu ɗan wata ƙasa ya ce ɗan kaɗan yana kawo barci. A can kuwa a kanti ake sayarwa, a firji kusa da lemo. An rubuta ba a sayar wa Musulmi, amma ba mai tambayar baƙo addininsa.

Na ce, "To Yaya, duk wahalar da Anti Rahama ke sha fa? Duk ganyen nan?"

Ya ce, "Na sani. Na karanta komai a kai, na fi ku sani. Kin ga hanta, kamar mace ce mai murhu ɗaya. Ta ɗora tukunyar kitse tana narkarwa a hankali, sai wannan abin ya shigo. Shi guba ne a wurin jiki, dole ta sauke tukunyar ta fara da shi. Kafin ta gama na ƙaro wani. Tukunyar kitse tana nan a ƙasa, ba a sake ɗora ta ba. Shi kansa kuma, kin gan shi kamar ruwa, amma abin da yake zuba wa jiki ya kusa na mai. Rahama tana tsame mai da cokali, ni ina mayarwa da gora. A da in na sha yunwa ke taso mini, in tsaya wurin Indiyawan nan masu shayi in ci gurasa mai mai da soyayyiyar taliya, sannan in shigo gida in ci nata. Nan ƙibar da kuke yi mini barka ta fito. Yanzu ko yunwar ba na ji."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya wa likita ba?"

Ya ce, "A gaban Dakta Shehu? A gaban matata da ƙanwata?" Sannan ya ce, "Don Allah kada Umma ta ji. Tun da har ya taɓa bakinki, daga yau na bari. Na rantse."

Ya tuttular da gorar a ciyawa. Na yi murna, na ɗauka magana ta ƙare. Ban san cewa wanda jikinsa ya saba, in zai bari, a hannun likita ake bari ba.

Ya cika alkawari, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan in na tuna. Washegari hannunsa ya fara rawa har shayi na zuba. Zufa ta jiƙa riga. Anti Rahama ta ce zazzaɓi ne, ta dafa masa tsamiya da citta. Daga nan ya fara cewa ga ƙwari na bin bango, mu duba ba komai. Wata safiya yana fitowa daga ɗaki ya yanke jiki ya faɗi a falo yana jijjiga. Ihun Anti Rahama ya fito da Makcik, ita ta kira motar asibiti, ita ta ɗauke Iman zuwa gidanta.

A asibiti na hango likitar nan a baranda. Na bi ta da gudu, na haɗa ɗan Turancina na gaya mata komai, har da ranar da ya bari. Ta riƙe hannuna ta ce na yi daidai. Ta ce barin sa farat ɗaya shi ya kawo jijjigar, wannan za su iya magancewa. Sai ta zaunar da ni ta ce sakamakon ya fito. Abin da ke cikin nan yanzu ba kitse ba ne, ruwa ne, don hantar ta ƙanƙance ta taurare. Ramar fuska da hannu kuma ba kitse ne ke narkewa ba, naman jikinsa ne ke zaizayewa. Ta ce sun ga tsohuwar ƙwayar ciwon hanta a jininsa, mai yiwuwa tun yarinta, shan ya zo ya hau kanta. Na tuna yadda muke kallon hannuwansa muna hamdala.

Da ya dawo hayyacinsa shi ya gaya wa Anti Rahama, ina tsaye bakin ƙofa. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Abban Iman, da cokali fa nake auna maka shinkafa. Ni ma na daina cin soyayye don kada ka ji ƙamshi ranka ya biya. Kullum ina cewa ni ce ban iya ba."

Ya ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Da ka gaya mini ai ni zan rufa maka asiri, in kawo ka nan da kaina." Ta gyara masa bargo ta fita. A masallacin mata na same ta, cikin fararen hijaban nan dogaye da suke ajiyewa don masu salla, ta kifa kai tana kuka ba sauti.

Suka sa masa roba a gefen ciki suka janye ruwan a hankali don ya samu numfashi. Ina kallo cikin da muka yi ta yaƙi da shi da kuka da zogale ya sauka a wuni ɗaya. Ya shafa wurin ya yi murmushi ya ce, "Auta, je ki ɗauko kaftanin Umma."

Na kawo. Muka taimaka masa ya zura. Ya shige shi tsaf, har da sauran wuri. Ya ce a sa masa hula, a ja labule a rufe ƙarfen ƙarin ruwa, ya dafa gado ya miƙe tsaye. Na ɗauke shi hoto. Ya duba ya ce, "Ga Tsinke ya dawo." Sannan ya ce, "Kada ki tura ta waya, ki kai mata da hannunki. Kuma na janye maganata, ki gaya mata gaskiya, kada a ɗora wa Rahama. Ki gaya wa duk mai son ji. Akwai irina da yawa, nan da gida, ana yi musu barka da tumbi. Ki ce in za a raka mutum asibiti, a tsaya masa a waje."

Bai sake miƙewa tsaye ba. Ruwan ya dawo, daga baya ya yi aman jini, ya shiga dogon barci. Ranar wata Alhamis da hantsi, Anti Rahama na riƙe da hannunsa tana yi masa kalmar shahada, Allah ya karɓi abinsa.

A can aka binne shi. 'Yan Arewa suka cika masallaci, maƙwabta 'yan ƙasar ma suka zo. Da za a tafi maƙabarta na koma gefe in zauna da mata kamar yadda muka saba, sai Makcik ta kama hannuna ta ja ni mota. Ashe su matansu na zuwa. Ni da ko ƙofar maƙabarta ban taɓa leƙawa ba, sai ga ni tsaye ina kallo ana saka yayana a jar ƙasa mai danshi. Da aka rufe, sai na ga suna yayyafa ruwa mai ƙamshi a kan kabarin suna watsa furanni. Makcik ta zuba mini furanni a tafin hannu ta nuna mini kabarin da babban yatsa, don su ba sa nuni da manuniya. Ban san ko ya halatta ba, ban kuma iya tambaya ba. Na watsa. Har yau in na ji ƙamshin fure gabana faɗuwa yake.

Anti Rahama ta zauna takaba a can, matan 'yan Arewa na kwana da ita bi da bi kafin a gama takardun dawowarsu. Ni izinin zamana ya ƙare. Dakta Shehu ya kai ni filin jirgi. Sai da ya sauke mini jaka ya ce, "'Yata, tambayar nan ta likita shi aka yi wa, ni na amsa." Ya juya da sauri. A jirgi ba Hajiya Talatu, ba wanda na ƙanƙame. Jakata ba nauyi, kaftanin ne kawai a sama.

Na tarar da gida cike, kun gani da idonku. Umma na zaune da carbi, in an yi mata gaisuwa ta ce, "Sai haƙuri, na Malesiya ya riga mu." Ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani. Sai da baƙi suka ragu, wata safiya ina shara ta kira ni ɗakinta ta ce in turo ƙofa.

Ta ce, "Saƙona fa?"

Na ɗauko kaftanin na ajiye a gabanta, na buɗe hoton na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe ya shige shi."

Na durƙusa na gaya mata yadda aka yi ya shige shi. Ban rage komai ba, da gorar, da tafkin, da likitar, da cokalin Anti Rahama. Ina magana ina jiran ta ce in yi shiru, ba ta ce ba. Da na gama ta ce, "Duk shekarun nan yana kira, ni ina miƙa miki waya."

Na ce, "Umma, ai ya san kunya ce."

Ta ce in anjima in kira mata Rahama, ita ke da magana da ita. Sannan ta ɗauki kaftanin ta ɗora a cinya, ta sa babban yatsa tana shafa fuskarsa a jikin wayar, kamar mai goge wa yaro majina.

Ta ce, "Mukhtar."

Ta sake cewa, "Mukhtar, ɗana."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Na tashi na fita na ja mata ƙofa, na tsaya a waje.